Majalisar dokokin jiha da kasafin lafiya: ina ikonta ya tsaya, kuma wa za a tuhuma idan magani bai iso ba?

Wani bawan Allah, sakataren kwamitin raya mazaɓa a ɗaya daga cikin jihohin Arewa maso Yamma, ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji a rediyo cewa majalisar dokokin jiharsu ta yi wa kasafin da gwamna ya kai mata gyara, ta ƙara wa fannin lafiya kuɗi har ya kai kashi 15 cikin 100, amma ga shi shekara ta raba tsakiya asibitin mazaɓarsu babu ungozoma da dare, maganin masu juna biyu da ake cewa kyauta ne kuma sai an je kemis an saya. Yana so ya san ko da gaske majalisa na da ikon sauya abin da gwamna ya fifita, in kuwa tana da shi, tsakaninta da gwamna wa ya kamata su tuhuma.

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Majalisa na da wannan iko, kuma ba ƙaramin iko ba ne. Sai dai shekarun da na yi ina nazarin kasafin lafiya na jihohi, ina zama a zaurukan kare kasafi, ina kuma bin sawun kuɗin zuwa ƙauyuka, sun koya mini cewa gyaran da ake yi ranar zartar da kasafi shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin ɗan majalisa. Ɓangaren da ke kawo magani asibiti yana farawa ne bayan gwamna ya sa hannu, kuma a nan ne mafi yawan majalisunmu suke sakin igiya.

Bari in fara da abin da doka ta ce, domin mutane da dama suna ɗauka kasafi mallakin gwamna ne, majalisa kuwa shaida ce kawai. Sashe na 120 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa duk kuɗin shigar jiha za su shiga asusu ɗaya, kuma ba za a fitar da ko kwabo daga asusun gwamnati ba sai da izinin doka, ta hanyar da majalisar dokoki ta tsara. Sashe na 121 ya ɗora wa gwamna shirya ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa na shekara mai zuwa, ya gabatar a gaban majalisa. Abin da ya kawo ƙuduri ne, bai zama doka ba sai majalisa ta zartar. Idan ta zartar da gyaran da bai yi masa daɗi ba, sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar suka sake zartarwa, ƙudurin ya zama doka ba tare da hannunsa ba. Abin da gwamna ke da shi idan aka yi jinkiri shi ne sashe na 122, wanda ya ba shi damar ci gaba da kashe kuɗi daidai gwargwadon na bara har na tsawon wata shida. Wanda ke shakkar nauyin wannan iko ya dubi Jihar Ribas. Gwamna Siminalayi Fubara ya gabatar da kasafin 2024 a gaban 'yan majalisa huɗu kacal, rikicin ya kai Kotun Ƙoli, kuma a watan Fabrairun 2025 kotun ta ba da umarnin a dakatar da sakar wa jihar kuɗinta daga asusun tarayya har sai halastacciyar majalisa ta zartar da kasafi.

Inda aka daɗe ana taƙaddama shi ne ko majalisa na iya ƙari, ko kuwa ragewa kaɗai aka yarje mata. Kundinmu bai hana ƙarin a fili ba. A Ghana ya hana: sashe na 108 na kundinsu na 1992 bai bar ɗan majalisa ya kawo gyaran da zai ƙara wa asusun gwamnati nauyi ba, sai dai ya rage. A Najeriya kuwa lauya Femi Falana ya kai batun kotu, kuma a 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa Majalisar Tarayya ba 'yar amshin shata ba ce, tana da hurumin sauya alƙaluman da shugaban ƙasa ya kai mata. Sassan da suka shafi jihohi kusan kwafin na tarayya ne, saboda haka a aikace majalisun jihohi ma suna ƙari, suna ragi, suna ɗauke kuɗi daga wannan layi zuwa wancan.

Kasafin tarayya na 2018 shi ne misalin da na fi so in bayar, domin a cikinsa aka ga fuskokin wannan iko guda biyu a lokaci ɗaya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar tarayya. Shekara uku suka wuce ba a sa masa komai ba. 'Yan Majalisar Tarayya ne suka saka masa kimanin Naira biliyan 55 a kasafin 2018, kuma daga wannan gyara ne kuɗi suka fara sauka kai tsaye a asusun ƙananan asibitoci. Amma ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa wannan kasafi hannu, a watan Yunin 2018, ya koka cewa 'yan majalisar sun zaftare Naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ya gabatar, suka shigo da nasu ayyuka 6,403 na Naira biliyan 578. Hannun da ya raya asusun lafiya shi ne dai hannun da ake zargi da cushe. Saboda haka idan ka ji an ce majalisa ta yi gyara, kalmar gyara kaɗai ba ta gaya maka komai ba tukuna.

Tambayar farko da nake yi idan aka ce an ƙara wa lafiya kuɗi ita ce: daga ina aka samo ƙarin? Idan an ɗauko shi ne daga wani layi, a ce daga sayen motocin manya ko gyaran gidajen saukar baƙi, wannan sauyin fifiko ne na gaske, domin wani ya rasa kafin lafiya ta samu. Idan bashi za a ciwo, sai a duba ko bashin tabbatacce ne ko kuwa fata. Amma hanyar da aka fi bi, domin ba ta ɓata wa kowa rai, ita ce a ɗaga ƙiyasin kuɗin shiga. A Kano, alal misali, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya gabatar da kasafin 2025 na kimanin Naira biliyan 549, wanda ya sa wa hannu a ƙarshen Disamban 2024 kuwa ya haura biliyan 719. Irin wannan ƙari yana iya zama daidai, musamman a shekarun bayan cire tallafin man fetur a 2023, lokacin da kason jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Yana kuma iya zama tarko a duk jihar da aka ɗaga alƙalami ba tare da hujja ba. Idan aka rubuta za a samu abin da ba za a samu ba, dole a tsakiyar shekara wani ya zaɓi layin da za a biya da wanda za a bari, kuma wannan zaɓi ba a zauren majalisa ake yinsa ba, a ofishin gwamna da ma'aikatar kuɗi ake yi. Majalisar da ta kumbura kasafi ta mayar wa gwamna da ikon da kundin tsarin mulki ya ba ta da hannunta.

Wannan ya kawo mu ga kashi 15 ɗin da ka ji. Asalinsa taron shugabannin Afirka ne a Abuja a watan Afrilun 2001, inda suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu na shekara. Alkawari ne mai kyau, ya kuma ba ƙungiyoyi ma'aunin da za su riƙe gwamnati da shi, kuma jihohi irin su Kano da Kaduna da Bauchi sun sha kai wa wannan kaso a takarda. Amma a ɗauka kasafin wata jiha Naira biliyan 100 ne, lafiya ta samu biliyan 15, shida na albashi, ɗaya na gudanarwa, takwas na manyan ayyuka. Albashi kusan kullum ana biyansa. Idan aka saki rabin kuɗin gudanarwa da rubu'in na manyan ayyuka, abin da lafiya ta gani a zahiri biliyan takwas da rabi ne, kuma mafi yawansa albashi ne na ma'aikatan da dama can suna nan. Gwamnati ba ta yi ƙarya ba da ta ce ta ware kashi 15, kai ma ba ka yi ƙarya ba da ka ce ba ka ga komai ba. Dokar kasafi a wajenmu izini ce ta kashewa har zuwa adadi kaza, ba ta tilasta a kashe. Kafin kuɗi ya fita sai ma'aikata ta rubuta takardar neman amincewa, gwamna ya amince, a fitar da waranti, wato takardar izinin fitar da kuɗi, sannan Akanta Janar ya samu tsabar kuɗin da zai biya, kuma a kowane mataki takarda na iya kwana wata da watanni a kan tebur.

Ba zan manta da wani zaman kare kasafi da na halarta a wata majalisar jiha ba. Shugabar sashen tsare-tsare ta hukumar lafiya a matakin farko ta zo da takarda mai shafi biyu, ta jera asibitocin da ma'aikaci ɗaya ne ke riƙe da su dare da rana, da adadin ungozomomin da za su yi ritaya a shekarar, ta roƙi a ba su kuɗin ɗaukar ma'aikata da na man motar kai maras lafiya babban asibiti. Aka saurare ta cikin ladabi. Da aka buɗe fagen tambaya, 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya suka riƙa neman a gina sabon asibiti a mazaɓarsu, ko a ɗaga darajar wanda ke nan ya zama babba. Ban ga mugun nufi a fuskar kowa ba. Ɗan majalisa ya san cewa gini ake gani, a jikinsa ake liƙa allo mai sunansa, shi zai nuna wa jama'a idan zaɓe ya zo, albashin ungozoma kuwa ba ya ɗaukar fenti. Wata takwas bayan haka na je wani ƙauye a jihar na tarar da irin wannan gini: fenti sabo, gadon haihuwa ko ledarsa ba a cire ba, firij mai sola na ajiye allurar rigakafi yana aiki, amma ƙofar ɗakin haihuwa da kwaɗo. Jami'in lafiya ɗaya ne, namiji, yana tashi bayan la'asar. Wata dattijuwa da ke zaune a baranda ta ce mini surukarta a bayan a-kori-kura aka tafi da ita gari da tsakar dare, jini ya ɓalle mata, ga asibiti a ƙofar gida.

Abin da ya sa wannan ke damuna shi ne alƙaluman da muke zaune a kansu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a lokacin, a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ke rasuwa, kuma a cikin yara 1,000 da aka haifa 132 ba sa kai shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 187. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a lafiya a Najeriya daga aljihun maras lafiya yake fitowa. Abubuwan da ke kashe matanmu wajen haihuwa, zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, maganinsu sananne ne kuma ba mai tsada ba: allurar tsayar da jini da aka ajiye cikin sanyi, allurar jijjiga, jini a ajiye, mota mai mai, da ƙwararriyar da ke nan ƙarfe biyun dare. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowa jin jikinta, cuta ce da rigakafin yau da kullum ke karewa. Kusan duk waɗannan a ƙarƙashin kuɗin yau da kullum suke, ba manyan ayyuka ba. Shi ya sa nake ganin gyaran da ya ɗauke kuɗi daga ɗaukar ma'aikata ko sayen magani ya kai gini, ko da jimillar kason lafiya ta ƙaru, ci baya ne.

Gyaran da ke da amfani a ganina ba shi da armashi a rediyo. Akwai kuɗin da jiha za ta zuba kafin ta ci gajiyar wani asusu, kamar yadda dokar 2014 ta shardanta wa jihohi da ƙananan hukumomi gudummawar kashi 25 cikin 100 a ayyukan BHCPF, haka ma shirye-shiryen tamowa da na rigakafi da masu ba da tallafi ke cewa sai jiha ta kawo nata su kawo nasu. Naira ɗaya a irin wannan layi tana jawo wata, rashinta kuma yana toshe dukkan shirin. Akwai kuɗin gudanarwa na ƙananan asibitoci, da alawus na zaman karkara, da jarin maganin da ake juyawa. Sama da waɗannan duka akwai gyaran da ba a cikin kasafi ake yinsa ba, a cikin doka mai zaman kanta ake yi. Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2016, sannan a 2017 ta kafa asusun amana na lafiya da ake kira KHETFUND, wanda doka ta ce a riƙa zuba masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar jiha na cikin gida da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi. Irin wannan doka ba ta tabbatar da cewa za a zuba kuɗin cif-cif kowane wata, amma tana mayar da rashin zubawa saɓa doka, ta ba ɗan majalisa da ɗan ƙasa abin da za su kafa hujja da shi. Majalisa na kuma iya rubuta sharaɗi a cikin dokar kasafi kanta, cewa a kawo mata rahoton sakin kuɗin lafiya duk wata uku, kuma ba za a karkatar da kuɗi daga wani layi zuwa wani ba sai da yardarta.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Tun ran gini ran zane. Kafin gwamna ya shigo zaure da kundin kasafi a Oktoba ko Nuwamba, an riga an raba wa kowace ma'aikata iyakar abin da za ta nema tun da damina, bisa takardar tsarin kashe kuɗi ta shekara uku, wadda ita ma a jihohin da ke da dokar kula da kashe kuɗi sai ta bi ta majalisa. Wanda ya jira zaman jin ra'ayin jama'a na Disamba ya zo ne an gama rufin ɗaki.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. Wanda ke riƙe da makullin baitulmali gwamna ne, saboda haka rashin sakin kuɗi a wuyansa yake, shi da kwamishinonin kuɗi da na lafiya. Amma majalisa ba ta kuɓuta ba, domin kundin tsarin mulki ya ba ta kayan aikin bin sawu. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken duk wata ma'aikata ko hukuma da ke kashe kuɗin da ta ware, ya kuma faɗi manufar a fili: tona asirin cin hanci, rashin iya aiki da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon kiran kowa ya ba da shaida ko ya kawo takardu, in ya ƙi a fitar da sammacin kawo shi. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha, wato Odita Janar, zai miƙa wa majalisa rahotonsa cikin kwana 90 da karɓar bayanan Akanta Janar, ita kuma ta miƙa wa kwamitinta na asusun gwamnati ya duba. Wannan kwamiti a ganina ya fi kwamitin kasafi muhimmanci, amma shi ne 'yan majalisa ba su cika rububin shiga ba. Na ga rahotannin odita da suka nuna an biya kuɗin kayan asibiti babu shaidar an kawo, aka ajiye su a kabad shekara biyu ba a zauna a kansu ba, kuma ma'aikatar da aka ambata ta dawo kare kasafi ba wanda ya tuna mata.

Akwai wani giɓi a nan da ba a cika magana a kansa ba. Ƙaramin sashe na 3 na sashe na 125 ɗin bai ba Odita Janar ikon binciken asusun hukumomin da doka ta kafa kai tsaye ba, sai dai ya ba su jerin masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi a kan rahotonsu, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Alhali mafi yawan kuɗin lafiya a jiha ta irin waɗannan hukumomi yake bi: hukumar kula da asibitoci, hukumar lafiya a matakin farko, hukumar magunguna, hukumar taimakekeniya. Idan kwamitin lafiya bai nemi rahotonsu na shekara da kansa ba, babban kaso na kuɗin yana iya wucewa ba wanda ya sa masa ido sosai.

Za ka ce me ya hana majalisu amfani da wannan iko. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A jihohi da yawa jam'iyyar gwamna ce ke da kusan dukkan kujeru, tikitin komawa kuma sau da yawa a hannunsa yake. Shekaru da dama ko kuɗin man janareto na majalisa sai gwamna ya sa hannu. An yi gyaran tsarin mulki a 2018 don ba majalisun jihohi da ɓangaren shari'a 'yancin kuɗi, gwamnoni suka ja ƙafa, Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a 2020 don tilasta aiwatar da gyaran, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022, sannan aka sake wani gyaran da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ga kuma ƙarancin ƙwararru: kwamitin lafiya mai sakatare ɗaya yana fuskantar ma'aikatar da ke da daraktoci da akantoci, ga kundin kasafi mai shafuffuka ɗaruruwa da ake so a gama cikin 'yan makonni. Ina faɗin waɗannan ne don ka san irin nauyin da ke kan wakilinka, ba don in wanke shi ba. Wanda ya karɓi ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai kuma ka lura cewa asibitin mazaɓa yana da iyaye fiye da ɗaya. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sa ƙananan hukumomi cikin masu samar da kiwon lafiya, kuma shekaru da dama su ke biyan ma'aikatan ƙananan asibitoci ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. Jigawa ta fara haɗe tsarin a ƙarƙashin Gunduma tun 2007, a 2011 kuma aka amince a matakin ƙasa da manufar tattara lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya, wato hukuma guda a kowace jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake taso da tambayar wa zai ɗauki ungozoma kuma wa zai biya ta. Dokar da ta kafa hukumar lafiya a matakin farko ta jiharku ita ce za ta amsa wannan, kuma majalisa ce kaɗai ke iya gyara ta. Kafin ka tuhumi kowa a kan rashin ungozoma, ka tambayi shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumarku a takardar albashin wa ma'aikatan asibitinku suke.

Abin da ke hannunka ya fi yadda kake zato. Tun da aka fara shirin SFTAS na Bankin Duniya a 2018, wanda ya riƙa ba jihohi tukuici idan suka wallafa bayanan kuɗinsu, jihohi sun saba sa kasafin da aka zartar da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku a intanet. Ka sa wani matashi mai waya ya sauko maka da rahoton zango na biyu na bana daga shafin ma'aikatar kasafi ta jiharku. Ka nemi layin hukumar lafiya a matakin farko, ka dubi gurbi biyu kawai, abin da aka ware da abin da aka kashe zuwa ƙarshen Yuni, ka raba albashi daban, gudanarwa daban, manyan ayyuka daban. Idan asibitinku na cikin masu karɓar kuɗin BHCPF, wanda a tsarin farko kimanin Naira 300,000 ne duk wata uku, a bisa ƙa'ida shugaban kwamitinku yana cikin masu sa hannu a asusun tare da shugaban asibiti, saboda haka kuna da hurumin ganin takardar banki da rasitai. Idan wata hukuma ta ƙi ba ku bayani, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi ma.

Da waɗannan takardu a hannu sai ku rubuta wa ɗan majalisar da ke wakiltarku, ku kai kwafi ga shugaban kwamitin lafiya da na kwamitin asusun gwamnati ta hannun akawun majalisa, ku karɓi hatimin shaidar an karɓa. Kada ku rubuta cewa asibiti ya lalace, kowa ya san haka kuma ba wanda zai ji an nufe shi. Ku rubuta adadin ma'aikatan da ke asibitin da matsayinsu, da adadin matan da suka zo awo da waɗanda suka haihu a wurin cikin wata shida kamar yadda rajista ta nuna, da sunayen magungunan da suka yanke da ranar da suka yanke, ku ɗora alƙaluman da kuka ciro daga rahoton jiha a gefe. Sannan ku roƙi abu biyu a fili: kwamitin lafiya ya kira kwamishina da shugaban hukumar su yi bayanin abin da aka saki daga ƙarin da majalisa ta yi, kuma a kasafin baɗi a sa kuɗin ɗaukar ungozomomi da alawus ɗinsu na karkara kafin a sa sabon gini. Ku kai takardar kafin ƙarshen Agusta, lokacin da ma'aikatu ke kan rubuta buƙatunsu, kuma ranar da za a zauna jin ra'ayin jama'a ku tafi da mai unguwa da mata biyu ko uku daga cikin waɗanda aka taɓa ɗauka da dare zuwa gari, su yi magana da bakinsu.